Gyaran da na yi wa wayar Baba Alu

Ko tsufa zai kwashe mini sunayen 'ya'yana, ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a Argungu ba. Ranar ce na shiga gidan surukaina da jakar kayan aiki a kafaɗa, kai a kumbure, na kusa fitowa babu mata.

Ni mai gyaran waya ne a Birnin Kebbi. Shagona ɗan ƙarami ne a Badariya, amma ka tare kowane mai kabu-kabu ka ce ya kai ka wurin Injiniya, har ƙofa zai sauke ka. (Ban taɓa taka jami'a ba. Ban kuma taɓa ce wa kowa ya daina kirana Injiniya ba.) Ba yabon kai ba, na iya aikina. An taɓa kawo mini wayar wani manomi daga Ambursa da ta kwana biyu cikin taɓon fadama, na tashe ta. Sikirin da ya daina jin taɓi, wanda za ka danna nan ya buɗe can, wanda yake danna kansa kamar mai aljanu, duk sun bi ta hannuna. A lokacin ina ganin babu abin da ya rage a harkar wayar shafa da ban sani ba.

Yarinyar da nake nema sunanta Kulu, malamar firamare ce a Argungu. Mahaifinta, Baba Alu, masunci ne tun yana yaro, har ciwon ido ya raba shi da gani shekara uku kafin mu haɗu. Bai zauna ba. Ya koma saƙar koma, wato ragar kamun kifi, da gyaran taru a zaurensa, kuma masunta har daga Augie suke zuwa neman aikinsa. Sai dai Kulu ce autarsa, ita ce kuma take yi masa duk abin da ya shafi waya. Ita ke kira masa mai zare, ita ke kunna masa saƙon murya na masu saye, ita ke nemo masa ƙanensa in yana son magana.

Da maganar aure ta taso, Baba Alu bai hana ba. Kulu ce ta kafe. Ta ce mini, "Ba za a sa rana ba sai Baba ya iya kiran duk wanda yake so da hannunsa. Ba zan tafi Birni in bar shi yana roƙon masu wucewa su danna masa waya ba."

Na ce to a saya masa ƙaramar waya mai maɓallai mana. Ta ce masu sayen koma saƙon murya suke turowa, dole sai babba. Na ce a raina, makaho da wayar shafa, gilashi sumul babu inda yatsa zai kama? A bar ta, za ta gaji. Wata biyar ta yi tana koya masa kullum bayan ta taso daga makaranta. Ka san wani abu? Ko sau ɗaya ban taɓa tambayarta yadda take yi ba. A ganina me malamar aji uku za ta gaya wa Injiniya game da waya.

Ran nan sai ga kiranta, muryarta har rawa take don murna. "Baba ya iya! Ka zo ran Asabar ka gaishe shi. In komai ya tafi daidai, sai manyanku su zo a sa rana."

Na sa shaddata mai ruwan sararin samaniya, na kafa hula, na saɓa jakar aiki (wai ko za a buƙace ni), na hau mota. Da hantsi na isa. Baba Alu yana zaune a zaure a kan tabarma, ya saƙala bakin koma a babban yatsan ƙafarsa, hannuwansa suna ta ƙulli ba tsayawa. Kusa da shi ƙanensa ne, Kawu Sani, mutum mai son dariya da tsokana. Na cire takalmi, na durƙusa, na kwashi gaisuwa.

"Lahiya lau, ɗan nan. Ina Birni? Ina su Alhaji?" Muka gaisa sosai. Can sai ya laluba aljihu ya fito da waya. "An ce mani gyaran waya kaka yi. Gilashin wagga ya tsage nan ga kusurwa, shina yankan yatsana. In kana da wani ka canza mani. Shi kaɗai."

Na ce, "An gama, Baba."

Ya sake cewa, "Shi kaɗai hwa."

Ya miƙe zai shiga ya kama ruwa ya yi alwala, yana bin wata igiya da aka ɗaura daga zaure zuwa tsakar gida. Ni kuma na buɗe jaka. Gilashin kariya ne kawai ya tsage, aikin minti uku. Na ɓare tsohon, na goge, na manna sabo, ko kumfar iska ɗaya babu. Da a nan na tsaya, da yau ba ni da labarin ba ku.

Sai na ce bari in gwada in ga ko taɓi yana shiga. Na danna maɓallin gefe. Sikirin baƙi ƙirin. Na taɓa shi, sai na ji wayar ta yi wani ɗan motsi a tafina, dir, kaɗan ƙwarai. Na goga yatsa, dir. Na sake gogawa, dir. Babu haske, babu abin da ya buɗe. Na dubi Kawu Sani na girgiza kai irin yadda likita yake yi in ya ga hoton ƙirji.

"Kawu, wannan wayar ai tana da babbar matsala. Hasken sikirin ya mutu, ɗan injin jijjigar ya rikice, taɓi kuma ba ya buɗe komai. Allah ya so ku na zo."

Kawu Sani ya ce, "To, hakanan dai muka ganin shi da ita, kuma shina kira."

"Sa'a ce kawai, Kawu," in ji ni.

Na yi ta danne-danne, na haɗa wannan maɓalli da wancan, can sai haske ya kawo fal. Na ce yauwa! Abin da na gani ya ƙara tabbatar mini cewa ba gwani ne ya saita ta ba. Babu hoto, babu ado, sai sunaye shida a jere kamar layin awo, kuma ba bisa tsarin haruffa ba. Nan fa hannuna ya fara ƙaiƙayi. Na kashe wani saiti da ban gane amfaninsa ba. Na kashe jijjiga gaba ɗaya, wai tana shan batir. Na jera sunayen daga A zuwa Z. Na dawo da duk manhajojin da aka ɓoye. Sannan, jama'a, don in nuna ni ɗan birni ne mai tunani, na nemo wani kyakkyawan hoton kogi da kwalekwale na sa masa a fuskar waya. Hoto. Wa makaho. Wallahi na san makaho ne, a gabana ya fita yana bin igiya.

Ya dawo yana ɗigar ruwan alwala, ya zauna. Na miƙa masa da hannu biyu, ina jiran shi albarka. Na ce, "Baba, na canza gilashi, na kuma gyara wasu 'yan abubuwa da suka lalace. Yanzu ta dawo sabuwa."

Ya karɓa. Ya kwantar da ita a tafin hagu, ya goga yatsan dama a kai. Ya tsaya. Ya sake gogawa. Ya kai ta kusa da kumatunsa ya goga. Na ga fuskarsa ta canza a hankali, irin ta wanda ya shiga ɗakinsa ya tarar an kwashe kaya.

"Ɗan nan, mi kay yi mata? Ba ta magana da hannuna."

Na fara bayani. Na ambaci batir, na ambaci haske, har na soma yabon hoton kogin kafin bakina ya gane abin da yake faɗa. Baba Alu bai ɗaga murya ba. Ya ajiye wayar a kan tabarma ya ce, "Wata biyar ɗiyata ta yi tana buɗe mani ido ga wagga aba. Na tahi alwala na dawo, ka mai da ni makaho."

A daidai lokacin Kulu ta yi sallama da tiren abinci. Ta ji maganar. Ta ajiye tire, ta ɗauki wayar, ta ga hoton kogi. Ba ta dube ni ba, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ta zauna a bakin ƙofa tana ta aiki da yatsu, ni ina durƙushe ina leƙe kamar ɗan koyo. A nan na ga abin da ban taɓa gani ba a shekaruna tara na gyara. Ashe akwai saiti na musamman don marasa gani. Wayar tana karanta abin da yatsa ya taɓa da murya, tana kuma ɗan motsawa duk lokacin da ka tsallaka daga wani abu zuwa wani. Baba ya ce muryar Baturiyar ta cika surutu kuma ba ya jin abin da take cewa, shi ya sa aka rage ta aka bar masa motsin. Hasken da na ce ya mutu, da gangan aka rufe shi, tunda ba ya buƙatarsa, kuma kar na kusa ya riƙa ganin wanda yake kira. Sunayen nan shida, lissafinsu yake yi da motsi. Goga ɗaya Kawu Sani, biyu mai zare, uku Kulu, huɗu Inna, wato mahaifiyar Kulu, haka har shida. In ya kai kan wanda yake so sai ya ƙwanƙwasa sau biyu. Duk abin da na kira lalacewa, aikin Kulu ne.

Ta gama, ta sa masa a hannu. Ya goga, ya yi ajiyar zuciya. Amma Kulu ba ta saki fuska ba. Ta ce, "Baba, yanzu na gane aikin bai ƙare ba. In mutum ɗaya zai iya rushe shi kafin a gama alwala, wa zai tayar maka in ina Birni? A dakata da maganar rana." Ta tashi ta shige cikin gida.

Gumi ya jiƙa mini shadda. Na zo karɓar rana, na tura ta gaba da hannuna, kuma babu wanda zan ɗora wa laifi.

Baba Alu ya ci gaba da murza zarensa. Sannan ya ce, "Sani, ba ni rawaninka." Ya juyo inda nake. "Kai kac ce kai mai gyara ne. To mai gyara ya kamata shi san abin da shika gyarawa. Matso."

Kawu Sani ya naɗe mini ido da rawani, ya ɗaure tam, yana dariya ƙasa-ƙasa. Aka sa mini waya a hannu.

"Kira Kulu. Goga uku, ƙwanƙwasa biyu. In ka iya, mu yi magana."

Na ce a raina wannan ai wasan yara ne. Na damƙe wayar, na goga. Ban ji komai ba. Na goga da ƙarfi. Kamar na ji wani abu, kamar ban ji ba. Ashe motsin a mafi ƙanƙantarsa yake, don hannun Baba ba ya buƙatar fiye da haka, ni kuwa hannuna gumi yake yi, kuma na matse ta kamar za a ƙwace. Na ƙirga ɗaya, na ƙirga biyu, na ƙirga uku, na ƙwanƙwasa. Ta fara ringin. Kai, wani daɗi ya kama ni! Na kara a kunne. Aka ɗauka.

To a nan ne zan gaya muku wani abu da na gano ranar. Idan aka rufe wa mutum ido, mantawa yake yi akwai mutane a wurin. Na kuma manta, ko ma in ce ban sani ba, cewa wayar Baba a lasifika take fitar da magana. Na rage murya, na marairaice, na ce, "Kulu, sanyin idona, ki yi haƙuri. Kin ga ko a cikin duhu hannuna ke yake nema."

Sai wata murya mai kauri ta cika zauren.

"Ɗan nan, Inna ce. Kulu tana bakin murhu. Amma na ji saƙo, zan isar."

Inna lillahi! Na tsallake motsi ɗaya ban ji ba, na sauka kan na huɗu. Surukata. Matar da ko haɗa ido ban taɓa yi da ita ba, wadda in na gaishe ta daga bayan labule take amsawa. Kawu Sani ya faɗi a kan taru yana riƙe ciki, yana cewa, "Wayyo cikina! Sanyin ido! Alu, ka ji an yi maka kishiya?" Daga cikin gida na ji shewar mata, ashe ita ma Inna a lasifika ta ɗauka. Na so ƙasa ta tsage in shige. Abin da ya cece ni kawai rawanin nan da ke fuskata, na ji kamar in roƙa a bar mini shi in koma da shi Birni.

Na kai hannu zan kwance. Baba Alu ya riƙe mini wuyan hannu. Shi ma dariya yake yi, amma riƙon ba na wasa ba ne.

"Bari. Ba ka gama ba. Matse ta kaka yi, shi ya sa ba ka jin ta. Ni shekara arba'in na yi cikin ruwan da ko tahin hannunka ba ka gani. Tarwaɗa in ta taɓa koma, daban. Karfasa daban. Ba wanda ya taɓa gwada mani su da ido, igiya ce taka gaya ma hannu. Saki hannunka. Aza ta bisa tahi, kak ka riƙe. Bari ita ta taɓa ka."

Ya buɗe mini yatsu ɗaya bayan ɗaya, ya kwantar da wayar a tafina. Hannunsa kamar bawon itace don kaushi, amma da ya ɗora yatsana a kan gilashin ya ja, a hankali ya ja, ko jariri aka shafa haka ba zai farka ba. Sai na ji. Dir. Sarai, kamar an yi mini raɗa a fata.

Kar ku ɗauka daga nan na zama gwani. Sau biyu na kira mai zare, har ya tambaya ko lafiya. Sau ɗaya na kira Kawu Sani yana zaune kusa da ni, ya ɗauka ya ce, "Na'am, sanyin idona." Muka tashi muka yi azahar, muka dawo, aka sake ɗaure ni. Tuwon shinkafa da miyar kifi suna gefe suna hucewa. Sai wajen la'asar na kira Kulu sau uku a jere ba kuskure. Na farko ba ta ɗauka ba. Na biyu ma haka. A na uku ta ɗauka, ni kuwa wannan karon sallama kawai na yi na ja bakina.

Baba ya ce ta fito. Ya sa aka kwance mini ido, ya ce in rushe saitin gaba ɗaya kamar yadda na yi da safe, in mayar. Na farko Kulu tana faɗa ina yi, kamar ɗan ajinta, har da "a'a, koma baya." Na biyu ni kaɗai. Da na gama na miƙa masa, ya goga, ya goga, ya gyaɗa kai.

"Kulu, kin ce wa za ya tayar mani in kina Birni. Ga shi nan. Argungu da Birni ba nisa. In ta lalace, wanda ya san yadda aka ɓata ta shi zo shi gyara." Ya juya wajen ƙanensa. "Sani, a gaya ma mutanensu su taho Asabar ta sama."

Kulu ta sunkuyar da kai. Ta ɗauki tiren ta ce, "Bari in ɗumama, ya huce." Ban taɓa jin magana mai daɗin wannan ba.

Yau shekararmu huɗu da aure. Makafi daga Birnin Kebbi da kewaye shagona suke kawo waya, wani yana gaya wa wani, har wata malama daga makarantar masu buƙata ta musamman takan turo mini ɗalibanta manya. Ina saita musu ƙarfin motsi daidai hannun kowa, ina sa wa kowane mai kira irin jijjigarsa, na uwa daban, na miji daban, yadda tun wayar tana aljihu za su san waye. In suka yaba, nakan ce ba ni ba ne, wani masunci ne ya koya mini a Argungu, shi da 'yarsa. Ina faɗa ina jin daɗi, don duk garin nan ban ga mai gyaran da ya yi makaranta irin tawa ba.

Bayan biki da wata guda Baba ya sa Kulu ta ƙara sunana a jerinsa. Na ji kaina ya fara kumbura kuma. Da na je gaisuwa na ce, "Baba, ni na nawa ne?"

Ya ce, "Na bakwai. Can ƙarshe."

Na ce, "Haba Baba, har bayan mai zare?"

"Nesa na aje ka da gangan. Kar hannuna shi zame in kira ka ba dalili, ka taho ka yi mani gyara."

Darasin da na ɗauka ba shi da yawa. Yanzu in aka miƙo mini waya, kafin in taɓa komai sai na tambaya ta waye, da kuma yadda yake amfani da ita. In mutum ya ce gilashi kaɗai, gilashi kaɗai nake canzawa. Kuma ko a wayata na kira matata, sai na ji muryarta sarai kafin in buɗe baki.